Fito Mai Giɓi

SHAFI NA 31

To ga ni. Masu turo min "Kaka shiru", "Kaka ko kin mutu ne", ban mutu ba, tabarau ne ya faɗa bayan gado, gwiwa kuma ta ƙi durƙuso. Wadda ta ce in na ɓata wa Mai Kemis rai za ta fita daga guruf, zauna 'yar nan, ba inda za ki, na san ki. Wannan shafin na masu karatu a wurin aiki ne, waya a ƙarƙashin tebur. Allah ya sa kada oga ya waiwayo.

*

Laraba ce, gobe kotu.

Matar Direba ta riga kowa isowa shagon wanki, kamar kullum. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa ta jera su, baƙaƙen nan dai, masu igiyar da Direba ya ɗinke mata da shuɗin zaren tamfol tun yana nan. Ta rataye jaka, ta jona dutsen guga, ta tsaya tana jira ya ɗau zafi.

A cikin jakar akwai takarda ɗaya a leda. Takardar rantsuwa ce. Magatakardan kotu ya ce ta je ta karanta a nutse, ta sa hannu, gobe ta kawo gaban alƙali. Abin da ke ciki bai fi layi huɗu ba: cewa shekara huɗu ke nan tun da aka tsamo babbar motar mijinta daga ƙarƙashin gada, da gawar wasu fasinjoji biyu a ciki amma babu shi, kuma tun ranar ba ta gan shi ba, ba ta ji ɗuriyarsa ba. Tana sa hannu alƙali zai ce Direba ya rasu. Ta yi takaba ta fita, ga Mai Kemis, mai neman aurenta, can yana jira da haƙurinsa da turarensa mai warin asibiti.

Kwana shida takardar na cikin jaka. Ba ƙi ta yi ba. Ba ta dai ji komai ba ne, ko na ƙi ko na so. In ta ɗauko biro sai ta tuna ba ta kwashe shanya ba.

Ƙarfe tara saura Rediyo ta shigo, baki a gaba, jiki a baya. Abokiyar aikinta ce, ita ke karɓar kaya tana maƙala musu lamba, kuma ba don ta iya gyara aka sa mata sunan ba.

"Kin gani? Kin ga abin da ƙanenki ya yi wa gari?"

"Ina kwana."

"Lafiya lau, bar gaisuwar nan. Sun saki tallar fim ɗin Taswirar Gishiri na biyu. Har da gasa. Wai duk wanda ya canki kiɗan da zai raka Jarumi a wannan karon, kujera biyu a layin gaba ranar da za a fara haskawa."

Ga waɗanda suka shigo mana a tsakiya, ku matso. A fim na farko, duk sanda Jarumi ya shiga uku, ko a kogo ko a kan gadar igiya, ba ganga ake ji ba, fito ne. Fiton baki, hawa huɗu, na huɗun ya yi sama ya tsaya cak kamar tsuntsu a kan wayar lantarki. Auta ne ya haɗa kiɗan fim ɗin, ƙanen Matar Direba uwa ɗaya uba ɗaya. Bakin da ya yi fiton kuwa na Direba ne. Da shi yake kiran matarsa daga bakin layi in ya dawo tafiya, da shi yake mata sallama in zai tafi. Fim ya fito bayan hatsarin da wata biyu, gari ya ɗauka, kowa ya sa a wayarsa. Shekara huɗu mijinta yana kiranta daga aljihun mutane, a bas, a layin asibiti, har a gidan makoki. Da farko tana waiwayawa. Daga baya wuyanta ya daina.

Rediyo ta haye kan buhun zannuwan otal ta hau karatu.

"Ji wannan. 'Tunda mai fiton ya rasu, sarewa za su sa, don girmamawa.' Ya yi hankali. Wannan kuma ta ce goge ne, wai goge ya fi iya kuka. Ga wani ɗan boko ya rubuta shafi guda, wai kowane fim na biyu kiɗan farko ake ɗaukowa a rage masa gudu, a ƙara masa mutum hamsin masu amshi. Wani ya ce kwamfuta za su sa ta kwaikwayi marigayin. An wanke shi tas, har kakarsa ta samu."

"Miƙo min sitaci."

"Ke fa 'yar gida ce. Auta bai tsegunta miki komai ba? Ko ɗan kaɗan? Ina so in zauna a layin gaba ko sau ɗaya ne, in ga hancin 'yan fim da kyau, ko nasu ne ko sayowa suke."

"Rabona da Auta tun watan uku."

"Kai. Faɗa kuka yi?"

"Wai aiki."

"To bari ki ji tallar, ƙila jini ya gaya miki."

Ta danna ta jingina wayar da kwalbar sitaci. Babu kiɗa ko kaɗan. Ƙarar ruwa, numfashin mutum, igiya tana tsinkewa zare zare. Jarumi ya tsufa, ya yi furfura, yana reto a bakin wani rami. Allo ya yi baƙi. Sai fito ya taso, ɗaya, biyu, uku, aka datse.

"Tsohon ne suka liƙa don su ja ran mutane," in ji Rediyo. "Kowa ya yarda da wannan. Abin da zai biyo baya ake canka."

Dutsen guga yana sama a hannun Matar Direba, tururi na fita.

"Sake."

Ta sake.

"Sake."

Karo na uku ta ajiye dutsen a kan ƙarfensa, ta ɗauki wayar, ta shige tsakanin rigunan da ke rataye inda ƙarar injin wanki ba ta kaiwa sosai, ta manna ta a kunne.

Ni da nake ba ku labari na so in ce gabanta ya faɗi, don na san haka kuke so. Bai faɗi ba. Ta fito, ta miƙa wayar, ta ɗauki dutsenta.

"Ba sarewa ba ce," ta ce.

"To goge?"

"Fito ne. Zai hau uku kamar da. A na huɗu iska za ta zube masa ta gaba, kamar taya ta taka ƙusa. Zai yi ɗan tsaki. Sai ya koma ya kamo daga na uku, ya kai shi da ƙyar."

Rediyo ta zuba mata ido. Babban yatsanta yana kan allon waya tun ɗazu, don ita ko atishawa aka yi kusa da ita sai ta naɗa.

"Na tura," ta ce.

"Kin tura me?"

"Muryarki, da sunana. In mun ci, kujera ɗaya taki. Kuma ki sayi takalmi kafin ranar, ba zan zauna kusa da waɗannan ba."

Matar Direba ta koma kan aikinta. Ta shimfiɗa farar riga, ta fesa ruwa, ta bi kwala.

Safiyar da Direba zai yi tafiyar ƙarshe, shinkafa ta dafa masa cikin sauri, ba ta tsince da kyau ba. Loma ta uku ya tauna tsakuwa. Haƙorin gaba ya ɓalle rabi. Ya tofo shi a tafin hannu, ya duba, ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, kin rage min kyau, yanzu ba mai ƙwace miki ni." Ya ɗora guntun a kan taga ya ɗau jakarsa. Da ya kai bakin layi ya yi mata fiton sallama, na huɗun ya zube. Ya yi tsaki, ya sake kamowa. Ba wanda ya ji sai ita, don ko masu shara ba su fito ba. Kwana uku bayan nan aka kira ta kan maganar gada.

Guntun haƙorin yana cikin gwangwanin maɓallai har yau.

Fiton fim na farko kuwa an ɗauke shi wata biyar kafin tsakuwar, haƙora cike da baki. Amma wannan na talla, a jelar hawa na uku, akwai wata siririyar iska da ke tsiyaya. Duk garin ba wanda ya ji ta. Ita ta shekara huɗu tana jin mai tsabtan, shi ya sa.

Kafin azahar wayar Rediyo ta fara rawa a kan kanta.

"Ke, saƙon nan ya fita daga guruf ɗinmu. Ga shi a wani, ga shi a wani. Wata ta ce mai maganar nan aljana ce. Laa, kamfanin sun cire gasar. Me ya sa za su cire in ba mun ci ba?"

Wayar Matar Direba ma tana ta kuka a jaka. Auta. Kira bakwai, sannan saƙo: Yaya don Allah ki ɗauka.

Ta duba ta mayar. Ta goge riguna goma sha huɗu da labule ɗaya. Ta ninke, ta sa a leda, ta jera.

"Wannan ta likitan nan ce, ba ya son kari a hannu, kada ki ba shi ta wani," ta ce.

"Ina za ki?"

"Wurin Auta."

"Ki ce masa kujerunmu na nan fa, cire gasa ba ya goge alkawari."

Ta zura takalma ta fita.

*

Situdiyon Auta yana hawa na uku, saman shagon masu gyaran firji. Matakalar ƙarfe ce, kowane taku sai ta amsa. Kafin a kai ƙofa da taku biyar akwai ɗan faɗi inda matakalar ke karya kwana, nan ake cire takalmi, dokar Auta ce, ko darakta bai isa ya shiga da nasa ba. Ta cire nata ta jera kusa da fararen kambas ɗinsa.

Ɗakin ba taga. Bango duk baƙin soso mai tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai. Ga tebur mai maɓallai fiye da na gwangwaninta, ga allo biyu, ga wani ɗan ɗakin gilashi da makirfo a tsaye shi kaɗai. Sanyi kamar cikin firjin na ƙasa, da warin shayin da ya kwana.

Auta ya miƙe har kujera ta gudu baya.

"Yaya, wa ya ba ki?"

"Ina wuni, Auta."

"Ina wuni. Wa ya ba ki? Mutum uku ne suka ji shi duk duniya, ni da darakta da mai tace hoto. Darakta ya kira ni sau tara. Ya ce in ban kamo ɓeran ba, to ni ne ɓeran."

"Ka rame."

"Yaya."

"Kunna min."

Ya sosa ƙeya. Tun yana ɗan shekara shida in ya sha madarar gwangwani a ɓoye haka yake sosa ta, ita kuwa ta goya shi, ta san wurin.

"Tsoho ne ai. Cikin ragowar da muka ɗauka a ɗakinki, kin tuna, cikin wadrob. Akwai inda ya yi kuskure sau ɗaya, na ajiye."

"Ni na riƙe muku ƙofar wadrob ɗin. Sau shida ya yi, bai kuskure ko ɗaya ba. Har yana maka gori wai bakinsa ya fi injinanka."

"To, na sa kwamfuta ta ɗan taɓa shi, ta..."

"Zaɓi ɗaya, Auta. Tsoho ne ko kwamfuta?"

Ya jawo kujera ya zauna. Ya danna.

Ganguna suka taso daga can ƙasa kamar hadari na nesa, goge ya bi bayansu, sannan komai ya ja da baya ya ba fito hanya. Ɗaya. Biyu. Uku. Na huɗu ya zube. Tsaki. Ya koma ya kamo, ya kai shi da ƙyar, gangunan suka tarye shi.

Ita tana zaune hannu a cinya, tana kallon wani ɗigon shayi a kwalar rigar Auta, tana tunanin in an jiƙa shi da ruwan sanyi tun yau zai fita.

"Yanzu kunna min ɗanyen," ta ce.

"Wane ɗanye?"

"Wanda kake faɗin rana a farkonsa."

Ku ji wani hali na Auta. Tsohon da ya koya masa aiki ya hore shi cewa ba a ɗaukar sauti sai an fara sa baki a makirfo an faɗi rana da wata da shekara. Abin ya zame masa jiki. Ko ɗigon famfo zai ɗauka sai ya gaya wa famfon kwanan wata. 'Yan uwa har tsokanarsa suke, wai ranar aurensa sai ya faɗi shekara kafin ya ce ya karɓa.

"Na goge," ya ce.

"Kai da har yanzu kake ajiye da tarin Inna a kaset."

Ya sake sosa ƙeya. Na'urar sanyaya ɗaki na ta huci. Can ya kai hannu, ya buɗe wani wuri cikin wani wuri a allon, ya danna, ya juya mata baya.

Muryarsa ce ta fara fita, a natse, irin ta aiki.

"Asabar, tara ga watan uku." Ya faɗi shekara. Ta bana ce. "Taswirar Gishiri na biyu, ɗauka ta farko."

Aka ja kujera. Wani ya yi gyaran murya.

"In tsaya nan? Kusa haka?"

Muryar ta dushe, ta yi kauri, amma ita ce.

"Ka san fa bakin ya lalace."

"Haka nake so, Yaya Direba. Yi kawai."

Ya yi. Ba ganga, ba goge, shi kaɗai da iskarsa. Da ya gama aka ji numfashi.

"Tana cin abinci kuwa?"

"Tana ci."

"Har yanzu da sauri take tsince shinkafa?"

Sai dariya, gajera, ta ƙare da tari. Auta ya kashe.

Matar Direba ta dubi ƙafafunta a kan kafet. Yatsun sun yi fari.

"Rage sanyin nan," ta ce.

Ya ɗauki rimot ya danna, ya bubbuga shi a cinya, ya ƙi. Ya tashi ya buɗe ƙofa ya tokare ta da kwandon shara don zafi ya shigo. Ƙarar masu gyaran firji ta hawo daga ƙasa.

"Faɗa min," ta ce.

"Na je wani gari ɗaukar ƙarar tasha, don wurin da Jarumi ke shiga kasuwa. Ina tsaye da abin ji a kunne, sai na ji shi a can ƙasan hayaniya. Na bi shi kamar mahaukaci, rumfa rumfa. Na same shi a wurin faci, yana duba taya a cikin ruwa."

"Ya gan ka ya ce me?"

"Ya ce, 'Auta, ka yi gemu.'"

"Sai kuma?"

"Mutum biyun nan da aka samu a motar, mata da miji ne. A hanya ya ɗauke su, ana ruwa, ya tausaya musu. Barci ya sace shi a kan gada. Shi ya fita ta taga, su ba su fita ba. Ya ce ya zauna a bakin ruwa yana kallo har mutane suka fara taruwa, sai ya tashi ya kama tafiya. Ya ce ƙafarsa ba ta taɓa yarda ta juyo ba."

"Hm."

"Ya sa na rantse, Yaya. Ya tambayi komai naki, na gaya masa har maganar Mai Kemis. Ya ce mutumin kirki ne, ya taɓa ba shi maganin ciwon baya. Ya ce ki sa hannu ki huta, wai a mace ya fi miki amfani."

"Shi ya yanke. Kai ka naɗa. Ni kuma in je in rantse gaban alƙali."

"Da ba ki sani ba, ai ba ƙarya ba ce."

"Yanzu na sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Da irin muryar da take tambayar mai kaya ko a sa sitaci ta ci gaba.

"Duk wata nake fito da kayansa in wanke in goge, don kada su yi warin akwati. Ka sani, ka taɓa tarar da ni. Ka gan shi da ransa, Auta. Abin da ya fara zuwa maka shi ne ka miƙa masa makirfo."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Idonsa ya kawo ruwa.

"Na gwada sarewa. Na gwada goge. Na kawo masu fito goma sha ɗaya, har wani mai kiran tattabaru. Darakta ya ce duk ƙarya ne, ya ce saura sati biyu ya ba wani aikin. Da ya ji wannan, a nan inda kike zaune, kuka ya yi. Ya ce Jarumi ya tsufa, ya sha wuya, dole fitonsa ya zube. Ya ɗauka ni na ƙirƙira. Na ce zan gaya miki in an gama. Kullum sai in ce gobe."

"Ya yi kyau," ta ce. "Kiɗan ya yi kyau. Ban ce bai yi ba."

Wannan ta fi masa mari ciwo. Ya kifa kai a kan maɓallan.

Ta jira. Ta ga wani zare yana reto a hannun rigarsa, ta kai hannu ta tsinke shi.

"Yana ina?"

Auta ya ɗago. Bai dube ta ba, agogon bango ya duba.

"Auta."

"Ni na dawo da shi garin, don aikin. Yana wani wurin faci bayan tashar jirgin ƙasa."

"Tun watan uku."

"Tun watan uku."

Bas ɗaya ne daga shagon wanki. Tana wucewa ta nan duk Litinin in za ta kai zannuwan otal.

"Akwai kuma," ya ce. "Da saƙonki ya bazu, darakta ya ce tunda an canka dole a canza na huɗun, yau ɗin nan, kafin dare. Sai an sake ɗauka. Na kira Yaya Direba tun sha biyu."

"Ya ce?"

"Ya ce ƙarfe huɗu."

Ita ma ta dubi agogon. Huɗu saura minti uku.

"Bai san kina nan ba. Yaya, in ba ki shirya ba, ki shiga ɗakin gilashin in kashe fitila, ba zai gan ki ba. Ko in sauka in tare shi in ce an fasa."

Ta jawo jakarta. Ta zaro ledar, ta zare takardar, ta shimfiɗa ta a kan tebur tsakanin kofin shayi da maɓallai. Kwana shida a jaka sun sa mata kari a tsakiya. Ta bi karin da gefen hannu, sau biyu, kamar kwala.

"Ba ni biro."

"Me za ki yi?"

"Ba ni."

Ya miƙa mata. Ta cire murfin, ta ɗora bakin a kan layin da magatakarda ya yi wa alama da fensir. Ba ta rubuta ba, ba ta ɗaga ba.

"Yaya, sa hannu za ki yi?"

"Ban sani ba. Jira nake in ji ko zan ji wani abu."

Daga can ƙasa wani ya gaida masu gyaran firji, suka amsa da "Mai faci, yau ma waƙa?" Matakalar ƙarfe ta amsa taku na farko.

Yana hawowa a hankali, irin hawan mai ciwon baya. Hawa na ɗaya ya wuce. A na biyu ya tsaya ya huta, sannan ya ci gaba. Sai ya fara, ƙasa ƙasa, kamar mai gwada baki kafin aiki.

Ɗaya.

Hannun Auta ya tafi da kansa wajen jan maɓallin ɗauka. Ta dube shi. Ya janye ya cusa a hammata.

Biyu.

Takun ya matso. Ya kusa inda matakala ke karya kwana.

Uku, da siririyar iskar a jela.

Ta san abin da ke biye. Ita ta gaya wa gari duka da safe, har aka cire gasa. Ta jira zubewar, ta jira tsakin.

Bai zo ba.

Ba fito, ba taku. Ƙasa ana ta buga bayan firji.

"Takalmanki," Auta ya ce da raɗa. "Shuɗin zaren."

Tawada ta fara taruwa a bakin biron, ɗigo ɗaya a kan layin, yana faɗi a hankali. Ta zuba masa ido.

Sai ƙarfen ya yi ƙara, taku ɗaya.

Ita da ta ji iskar haƙori a cikin fasasshiyar wayar Rediyo, ta kasa gane ko sama ya yi ko ƙasa.